Randar Larai

Badaru ya kurɓi kunun sadakar, ya riƙe shi a baki kamar mai tuno wani abu, sannan ya fesar da shi ƙasa, ya yi jifa da ludayin.

"Wannan ba kunu ba ne," in ji shi da ƙarfi. "Wallahi giya ce! Giya aka ba mu a filin salla!"

Kowa ya juyo. Rana ta uku ke nan mutanen Tudun Kanya suna fitowa roƙon ruwa, maza da mata da yara, har da 'yan awakin da yunwa ta bari. Daminar bara ta ƙi, bana kuma sau biyu ana shuka tana ƙonewa a cikin rami. Don haka kowane gida ya kakkaɓe gindin rumbu ya kawo abin da ya samu, wani tafi ɗaya, wani rabin ƙwarya, aka haɗa aka ce a yi kunun zaƙi a raba sadaka bayan salla. Barira mai ginin tukwane aka ba damun, don ita ce ke da babbar randa. Tana durƙushe gefen randar da ƙwarya a hannu, yara sun kewaye ta, lokacin da maganar Badaru ta faɗo.

Babu wanda ya tambayi Badaru a ina ya san ɗanɗanon giya. Da an tambaya, da wataƙila abin ya tsaya nan. Amma mai jin yunwa ba tambaya yake nema ba, wanda zai ɗora wa laifi yake nema.

Wani tsoho ya kai hancinsa bakin randar, ya ja da baya yana a'uziyya. Mata suka shiga zura wa 'ya'yansu yatsa a maƙogwaro don su amayar. Badaru ya kama randar ya juya ta, sai ga zane uku a tsaye a wuyanta, da ɗan ɓantare a leɓe.

"Ku matso ku gani! Randar Larai ce, arniyar nan ta bayan shinge. A cikinta take kwantar da giyarta."

Malam Sama'ilu, limamin garin, ya ratso mutane yana dogara sanda, rigarsa har yanzu a juye yadda aka yi addu'a da ita. Mutum ne mai sanyin magana. Ya dubi randar, ya dubi Barira.

"Barira, yaya aka yi randar nan ta zo hannunki?"

Barira ta san amsar tun daga tushe.

Kwana tara kafin wannan rana, Larai ta ratso ta kafar shingen aguwar da ya raba gonarta da bayan gidan Barira, ɗauke da randar nan a ka. Larai Bamagujiya ce, doguwar tsohuwa mai ƙashin ƙarfi. Mijinta ya daɗe da mutuwa, 'ya'yanta maza biyu sun bi mota kudu neman abinci, ta rage ita kaɗai a gida mai ɗaki biyu da rumfa. Sana'arta dafa giya, kamar uwarta da kakarta. Ran kasuwa Maguzawan ƙauyukan kewaye kan zo su zauna a rumfar su sha. Wasu masu salla ma kan zo, sai dai su ba ta ƙofa suke shiga ba. Giya haram ce, Barira ta sani, ta kuma faɗa wa Larai a ido ba sau ɗaya ba. Duk da haka shekara ashirin ita ke gina mata tukwane, kuma in ɗaya ta kwana biyu ba ta ji motsin ɗaya ba, sai ta leƙo ta shinge.

"Barira, kama mini in sauke wannan 'yar banzar."

Suka sauke ta tare. Barira ta shafa cikinta da tafin hannu.

"Me ta yi miki, Inna Larai? Ni na gina ta, shekarar da na haifi Asiya. Ko tsaga babu."

"Zafin rai ta yi. Shekara goma sha biyar tana shan giya, abin ya shiga jikinta. Abin da na zuba mata da la'asar, kafin hantsi ya zama wuta. Mazan bana kuwa cikinsu babu komai. Ƙwarya ɗaya sai ki ga ƙato ya kife kamar an sare shi. Ran kasuwar da ta wuce wani ya fasa wa ƙanensa baki a rumfata. Na bar burkutu. Fito zan koma, tatacce, mai sanyi, wanda zai riƙe ciki bai hau kai ba. Ɓawon maɗacin da nake sawa don ɗaci ma, ɗan tsunkule zan riƙa jefawa."

"Da dai kin bari gaba ɗaya, Inna, kin kama salla."

"To, Malama. Ran da kika daina sayar mini da tukunya, ni ma sai in daina."

Ta wuce inda Barira ta jera gasassun tukwane a gindin katanga. Larai ba ta sayen tukunya da ido. Tana da zoben tagulla a ɗan yatsa, da shi take ƙwanƙwasa kowacce, ta karkata kai ta saurara. Ta buga ta farko, ta taɓe baki.

"Wannan ta yi kaurin jiki. Za ta riƙe zafi, giya ta yi fushi a ciki."

"Jiya kaurin kike nema."

"Jiya akwai tuwo a gari."

Ta biyu ta ce bakinta ya yi ƙanƙanta, ba ta numfashi. Ta uku ta zura kai ta lasa cikinta, harshenta ya manne, ta ce mai ƙishirwa ce, rabin abin da aka zuba mata ita za ta shanye.

"Inna, in duk kika lashe mini kaya, wa zai saya?"

"Mutanenku. Ai sun sha abin da ya fi yawuna."

Sai da ta zagaye su kaf, ta dawo kan wata mai faɗin baki, marar kauri, ja jawur daga wuta. Ta buga ta sau ɗaya. Ƙarar ta tashi tas, ta daɗe kafin ta mutu. Larai ta lumshe ido.

"Ga ta nan. Wannan ba ta san komai ba tukuna, ni zan koya mata hankali."

Ta haɗa da tukunyar dafawa ɗaya da wata ƙarama ta tata. Da za ta tafi ta nuna tsohuwar randar da ƙafa.

"Wannan na bar miki. Ki fasa, ki daka, ki zuba a yumɓu."

Haka masu gini suke yi, sukan daka tsohon tsingaro su cuɗa da sabon yumɓu don tukunya ta jure wuta.

"Amma ki fasa ta yau," in ji Larai. "Kada ki zuba mata ko ruwan kaji. Randar da ta sha giya ba ta mantuwa. Ko ruwan rijiya kika kwantar a ciki, da safe sai ya yi miki waƙa."

Sannan ta kwanto wani ƙulli daga zanenta ta ajiye a bayan turmi, ba tare da ta dubi Barira ba. Dusar giya ce, tukar da ke ragewa in an tace, wadda a shekarun ƙoshi awaki ake zuba wa. A wannan shekarar Barira kan shanya ta, ta niƙa, ta haɗa da ɗan garin da ya rage, tuwo ya kai ga kowa. Ba ita kaɗai ba. Gidaje sun fi goma a Tudun Kanya da dusar Larai ta riƙe, kowace mace tana ɓoye wa 'yar'uwarta.

Bayan tafiyar Larai, Barira ta ɗauko taɓarya ta ɗaga. Kafin ta sauke, hannunta na hagu ya ƙwanƙwasa randar, don sabo. Ƙarar ta fito lafiya lau. Aikin hannunta ne, na lokacin da take da ƙarfi, irin wanda yanzu ba ta iyawa. Ta ji ƙyashi. Ta mirgina randar bayan rumbu ta kife, ta ce gobe.

Goben ba ta zo ba, sai jajiberin sadaka. Barira ta dama kunun garin duka, ta zo juyewa, gindin babbar randarta ya tsage tun tana ɗauraya. Sauran duk ƙanana ne. Kunu na kan wuta, hatsin gida arba'in, ga rana na faɗuwa. Ta je bayan rumbu. Sau uku ta wanke randar Larai da toka da ruwan zafi, ta goge da tsumma, ta juye kunun, ta rufe da faifai. Da safe ta buɗe ta tarar da kumfa ta taso a kai. Ta kwashe kumfar ta zubar, ta ce wa ranta zafin gari ne. Ta ji warin. Kada wani ya ce ba ta ji ba.

Wannan ita ce amsar da Malam Sama'ilu ke jira. Barira ta ɗaga kai. Ta ga Badaru ya karɓi gora daga hannun wani. Ta ga mijinta Usmanu a cikin maza, ya zuba mata ido kamar mai roƙo. Ta ga 'yarta Asiya ta ƙanƙame ƙwarya a ƙirji. Ta ga fuskokin mutanen da suka ba da hatsinsu na ƙarshe.

"Ita ta kawo ta gidana," in ji Barira.

Ta rufe bakinta. Gaskiya ta faɗa, amma rabi, kuma ta san me rabin zai yi.

"Kun ji ko!" Badaru ya daka tsawa. "Da gangan ta kai, don ta ɓata mana salla! Kwana uku muna kuka ko gajimare babu, ashe ana warware mana ta baya. Su suka ɗaure ruwan nan. 'Ya'yanmu na cin tafasa ba gishiri, ita tana jiƙa dawa tana dafa najasa!"

"Ku dakata," in ji Malam Sama'ilu, ya ɗaga sanda. "A kira ta a tambaye ta. A kai maganar gaban mai gari. Jama'a, yanzu muka gama roƙon Allah ya ji ƙanmu."

Muryarsa ba ta wuce sahun gaba ba. Badaru ya maka wa randar gora, ta dare biyu, kunun ya malale a busasshiyar ƙasa. Wasu yara suka durƙusa suna lasa da hannu, iyayensu mata na dukansu suna ja. Maza suka yi gonar Larai a guje. Wanda ba shi da sanda ya zare ƙotar fartanya, wanda bai samu ba ya tsinci dutse a hanya.

Barira ta yunƙura. Usmanu ya damƙe damtsenta.

"Wuce gida."

"Maigida, ni ce fa. Ta ce in fasa, ni na..."

"Na sani. Ina zaure na ga kina wanke ta. Kin faɗi abin da kika faɗa, ki bar shi haka. So kike su juyo kanmu? Asiya fa?"

Ta bi shi har ƙofar gida kamar akuyar da aka ɗaure. Can ta ji ihun ya isa bayan shinge. Ta fizge hannunta, ta ratsa tsakar gida, ta bi ta bayan rumbu, ta faɗa kafar aguwa.

Larai na tsaye a bakin rumfarta da muciya a hannu. Fitonta na farko a sabuwar randa take tacewa lokacin da suka iso. Mutum kusan talatin sun yi mata zobe, amma babu wanda ya fara. Yawancinsu ta san su tun suna yawo ba wando.

"Lafiya, samari? Wa ya mutu?"

"Ke za ki mutu, tsohuwar banza," in ji Badaru. "Randarki muka gani a filin salla."

Larai ta ɗaga kai. Idonta ya wuce su, ya sauka kan Barira da ke tsaye a kafar shinge. Kallo ɗaya ta yi mata, ta gane komai. Barira ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Larai ta kawar da kai, ta koma kan Badaru.

"Kai ne a gaba, Badaru? Kai da ka san inda nake rataye ƙwaryarka?"

Bai bari ta ƙarasa ba. Gorar ta same ta a baki. Haƙoranta biyu suka faɗo cikin ƙura, ta dafa ginshiƙin rumfa, ba ta faɗi ba. Ta kai masa muciya a goshi, jini ya ɓalle masa. Jinin nan shi ya kwance sauran. Dutse ya same ta a kafaɗa, wani a ƙeya. Wani ya shaƙo zanenta ta baya ya fizga, ta zube. Suka rufe ta.

Wasu suka yi kan tukwane. Sabuwar randar nan mai faɗin baki, ƙotar fartanya ɗaya ta ishe ta. Fiton ya kwarara ya bi ta ƙarƙashin ƙafafunsu, suna tattaka shi ya zama taɓo. Wani ya zaro itace daga murhu ya cusa a rumfa, karan ya kama nan take. Wani ya ɗauko taɓaryar Larai daga turmi, ya ɗaga da hannu biyu yadda ake daka, ya sauke mata a haƙarƙari. Barira ta ji ƙarar. Ta san irinta, ita ce ƙarar tukunyar da ta tsage a ciki.

Sai a lokacin muryarta ta dawo.

"Ni ce! Ku bari, ni ce! Ta ce in fasa, na ƙi! Ni na zuba kunun!"

Babu mai ji. Ta kutsa tsakanin ƙafafu, wani ya hankaɗe ta, ta tashi, ta sake kutsawa, ta faɗa kan Larai ta rufe ta da jikinta, ta ɗaga hannun dama sama. Taɓaryar ta riga ta taso. Ta sauka a kan hannun, ta haɗa shi da ƙasa. Barira ta yi ƙara irin wadda ba ta yi ba ko a naƙuda.

"Kai, matar Usmanu ce!" in ji wani.

Suka ja baya. Malam Sama'ilu ya iso yana haki, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa. Ya tsaya a kan matan biyu ya gitta sandarsa.

"Wanda zai ƙara, ya fara da ni."

Barira ta ɗago, yatsunta uku sun juya inda ba a halicce su ba. Ta faɗa musu duka, da ƙarfi, tana kuka tana haɗiyar majina. Yadda Larai ta kawo randar don a fasa. Yadda ta yi ƙyashi ta ɓoye. Yadda ta wanke da toka. Yadda ta kwashe kumfa da safe ta yi shiru.

"Kuma dusarta muke ci, ni da 'ya'yana. Kai ma, Sani, je ka tambayi uwarka da me take ƙara tuwo. Kai da ka ɗaga taɓarya."

Babu wanda ya ce ta yi ƙarya. Babu kuma wanda ya ce ya ji. Suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na sakin abin da ke hannunsa a hankali, kamar ba shi ya ɗauko ba. Badaru ya riga kowa, yana dafe da goshi. Rumfa ta gama ci ta rufta.

Malam Sama'ilu da Usmanu suka ɗauki Larai a tabarma suka shigar da ita ɗaki, don wutar ba ta kai can ba. Usmanu bai dubi matarsa ba, bai kuma ce ta koma gida ba. Aka kira mai ɗori. Ya ɗaure wa Barira hannu da tsinken kara, ya ce yatsun za su haɗe, amma ba za su ƙara lanƙwasa yadda mai gini ke so ba. Ya taɓa ƙirjin Larai, ya saurari numfashinta, ya girgiza kai. Mota kuwa ba ta shigowa sai ran kasuwa, kuma ko a jaki aka ɗora ta ba za ta kai asibitin Kunci ba. Malam ya aika mutum ƙauyen danginta.

Barira ta zauna da ita. Da hannun hagu take jiƙa tsumma tana goge mata baki, tana korar ƙuda. Ranar farko Larai ba ta yi magana ba, sai nishi. Matan gari ba su zo ba. Amma da rana ta biyu ta fito, Barira ta tarar da 'yar ƙwaryar kunu a bakin ƙofa, an rufe da faifai, babu wanda ya yi sallama.

Da hantsi Larai ta buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya rufe. Maganarta na fita ta gefen baki.

"Cikin tukwanen, wacce ta tsira?"

"Babu, Inna. Duk sun fasa."

"Har mai faɗin bakin?"

"Har ita."

"Kash. Ko ɗanɗanawa ban yi ba. Da na san ko kunnena bai tsufa ba."

Barira ta sa mata ludayin kunu a baki, Larai ta kurɓi kaɗan, ya dawo da jini.

"Inna Larai, ki yafe mini."

"Na ce ki fasa ta."

"Na ɗaga taɓarya. Na ji kukanta, na kasa."

"Uhm. Ai ta yi kyau, 'yar banza." Ta huta. "Me kika ce musu a filin?"

Barira ta so ta yi shiru. Ta riga ta ga abin da shiru ke yi.

"Na ce ke kika kawo ta gidana. Daga nan ban ƙara komai ba."

Larai ta dubi jinka.

"Da kin ƙara, da ke ce a tabarmar nan, ni ina goge miki baki. Kuma ni ban iya jinya ba." Ta juyo da idon kan hannun da aka ɗaure. "Wa zai gina wa garin nan tukunya yanzu?"

"Su sha a tafin hannu."

"Kin fara hankali."

"Ba ki ce kin yafe ba, Inna."

"Wannan ku kuka san ta, ke da Malam. Ni abin da ke raina daban. Akwai tsiro a ɗakin baya, dawa tiya biyu na jiƙa, na shimfiɗa, na rufe da buhu. Tun jiya ba a yayyafa masa ruwa ba. In ya bushe a haka, ya tafi a banza, ba giya ba tuwo. A shekarar nan, aradu, wannan ya fi kisan kai."

"Ni ba zan dafa giya ba, Inna."

"Wa ya ce ki dafa? Ki shanya, ki niƙa, ki dama wa Asiya kunu." Leɓenta ya motsa. "A sabuwar tukunya, kin ji ko, Malama?"

Ta fara dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya kawo jini da yawa. Barira ta tallafe kanta a cinya, tana kiran sunanta, tana kiran sunan Allah. Larai ta riƙe mata gefen zane. Zoben tagullar ya ƙwanƙwasa ƙwaryar da ke gefe sau biyu, sannan hannun ya saki.

Danginta sun iso da azahar, maza shida da mata uku, ƙafafunsu fari fat da tafiya. Ba su yi wa kowa magana ba. Suka dubi tokar rumfa, suka dubi tsingaron da ya cika tsakar gida. Suka haƙa rami a bayan ɗaki, kusa da kabarin mijinta, ƙasar na ƙin fartanya. Malam Sama'ilu ya zo ya tsaya daga nesa, hannuwansa a baya, har aka gama. Babbansu ya dube shi ya ce gobe zai tafi Kunci ya kai ƙara, Malam ya ce in an kira shi zai faɗi sunaye, ba zai rage ko ɗaya ba. Na Badaru ne farko, amma shi tun jiya ya bar gari, ya ce wa matarsa cin rani ya tafi, a tsakiyar damina.

Da la'asar gidan ya koma babu kowa. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu. Barira ta tsallaka shinge, ta ɗebo ruwa rabin ƙwarya daga tulun gidanta. Usmanu na zaune a tsakar gida, ya ga ruwan, ya san nawa ya rage a tulun, ya bar ta ta wuce. Ta dawo tana tafe a hankali don kada ya zube, tsingaro na ƙara a ƙarƙashin ƙafarta.

Ɗakin baya duhu ne, da sanyi-sanyi. Ta ajiye ƙwaryar, ta durƙusa, ta kama bakin buhun da hannun hagu ta yaye. Dawar ta tsira duka, saiwoyinta farare sun sarƙe da juna kamar tabarma. Ta can ciki fari ce sol. Amma ta bakin ƙofa, inda haske ke shigowa ta ƙasan asabari, ta fitar da 'yan kunnuwa kore shar, duk sun karkata waje ɗaya. Tun bara Barira ba ta ga kore irin wannan ba.

Ta tsoma yatsun hagu a ruwan, ta fara yayyafawa, daga bango zuwa ƙofa.